Raƙumar da Aka Bari a Gida

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Wata tsohuwar Raƙuma ce, shekara talatin tana jan ayarin dabbobi zuwa ɗauko gishiri. Da aka naɗa Doki madugu, sai ya dube ta ya ce, "Iya, bana ki huta. Tafiyarki ta yi mana sanyi."

Ta ce, "Ɗana, ƙafa ta yi nauyi, amma har yanzu ina ɗaukar kaya."

Ya ce, "Masu jini a jika muke so."

Ta koma ta kwanta. Ayari ya tashi a guje. Kwana huɗu suka ɓace hanya, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe Jaki da Alfadari. Sauran suka dawo hannu wofi.

Doki ya same ta ya ce, "Iya, ashe akwai rijiyoyi a hanyar nan, me ya hana ki faɗa mana?"

Ta ce, "Ƙafata ka duba, ba ka tambaye ni komai ba."

Ya zauna, ta kwatanta masa rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Da shekara ta zagayo, ta yi sammako ta tsaya a bakin gari, tana jiran a ɗora mata kaya. Doki ya zo wucewa ya ce, "Iya, a taya mu da addu'a."

Suka je, suka dawo da gishiri jingim. Gari ya ɗauka, wai ba a taɓa madugu mai sanin hanya kamar Doki ba. Raƙuma tana jin su, ta ci gaba da tuƙarta.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya.