Farfesa Idrissou da Takardun Ta'aziyya

Akwai wani bawan Allah, Farfesa Idrissou, ɗan Zongon Cotonou, wanda ya shekara ashirin da uku yana shugabancin wata jami'a mai zaman kanta. In dai aiki ne, wallahi ya yi. Ya same ta da azuzuwa huɗu masu yoyo, ya bar ta da benaye da ɗakin karatu da ɗalibai dubbai. 'Ya'yan 'yan kasuwar Zongo da yawa ta hannunsa suka zama mutane.

Amma shi ma ta hannun wani ya zama mutum. Yana yaro, mahaifinsa ya rantse ba zai je lakwal ba, wato makarantar boko, don babu mai tsare masa rumfar atamfa. Sai ɗan maƙwabtansu, Mansir, wanda ya girme shi da shekara biyar, ya ce, "Baba, bar Idi ya je. Ni zan tsare rumfar." Haka Mansir ya tsare ta shekara tara, shi bai taɓa shiga aji ba.

Farfesa bai manta ba, amma bai taɓa buɗe baki ya ce na gode ba. Kullum cewa yake, "In na yi ritaya, gidan Yaya Mansir zan fara zuwa. Zan zauna in faɗa masa komai." Sai ka ce ya yi yarjejeniya da ajali!

Kun san Zongo. In aka yi rasuwa, ƙafarka ake son gani. Ka cire takalmi, ka zauna a tabarma, ka shafa addu'a, ko kai wane ne. Farfesa kuwa yau taro, gobe jirgi. Sai ya ƙirƙiro dabara. Ya rubuta takardar ta'aziyya ɗaya da Faransanci, ya bar gurbin suna, ya ba sakatariyarsa Madam Nimatou tare da hatimin sa hannunsa.

"In an aiko da labarin rasuwa daga unguwa, ki cike ki buga hatimi, direba ya kai. Kada ki katse min aiki."

Ita kuwa mace ce mai bin umarni. Shekara da shekaru ba ta katse masa aiki ba ko sau ɗaya.

Ranar bikin sallamarsa aka cika ɗakin taro, aka yi jawabai, aka sa wa ɗakin karatu sunansa. Ya yi ta baza ido ko zai ga Mansir, don ya sa an kai masa katin gayyata. Bai gan shi ba. Ya ce a ransa, "Fushi yake yi, kuma yana da gaskiya. Gobe zan je da kaina."

Washegari da hantsi ya sallami direba, ya tari ɗan zem, wato ɗan acaɓa, daga unguwar Vêdoko har Zongo. Ya yi sallama a ƙofar gidan yana murmushi. Hajiya Lantana, matar Mansir, ta leƙo.

"Lale, lale! Yau Idi ne a gidanmu? Ashe ka gane hanya."

"Hajiya, a yi min afuwa. Ina Yaya? Ko ya fita kasuwa?"

Ta kalle shi. "Idi, wasa kake yi da ni?"

"Wane irin wasa kuma?"

"Yayanka yau watansa takwas a ƙasa. Ai har takaba na gama."

Innalillahi! Farfesa ya zube a bakin ƙofa. "Ba wanda ya faɗa min! Wallahi ba wanda ya faɗa min!"

"Mun aika ofis ɗinka tun yana kwance, don yana ta kiran sunanka. Da ya cika muka sake aikawa. Kuma ai ka yi mana ta'aziyya."

Ta shiga ɗaki, ta fito da ambulan a naɗe cikin ɗankwali mai tsabta. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yara sun karanta min, suka ce gaisuwa ce kawai. Na ce ƙarya ne, ba su iya Faransancin manya ba. Ba yadda za a yi Idi ya rubuta takarda a kan Yayansa ya rasa abin faɗa. Na ajiye sai ka zo. To ga ka. Karanta min, me ka ce a kansa?"

Allah sarki. Farfesa ya buɗe. Layi huɗu ne, waɗanda ya rubuta shekara ashirin da suka wuce don kowa da kowa. Ga sunan Mansir an cike a gurbi da biro, ga sa hannunsa na hatimi a ƙasa. Babu rumfa, babu lakwal, babu na gode.

Da ya so, da ya ƙaga mata magana mai daɗi, ba za ta taɓa sani ba. Amma sai ya ɗago kai ya dube ta.

"Hajiya, yaran sun faɗa miki gaskiya. Ban ce komai ba. Ko ganin takardar ban taɓa yi ba sai yau."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ayya. Shi kuwa har ya bar duniya cewa yake aiki ne ya riƙe ka, kada kowa ya ga laifinka."

Nan Farfesa ya fashe da kuka irin na yara, a ƙofar gida, mutane na wucewa.

Darasi: Duk girman matsayinka, akwai haƙƙin da ba a aika wani ya sauke maka. Wanda ya tsaya maka har ka zama mutum, je ka gode masa da bakinka yau, kada ka jira ritaya. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, wataƙila wani ya tashi ya tafi tun yana da wanda zai tarar.