Allunan Tsere a Filin Tsalle

A garin Elk Fork, can cikin duwatsun Montana, an yi wani mutum mai suna Corwin Haldorsen. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Aibinsa ɗaya ne, bai iya jira ba. Mu da muka zauna da shi mun yi ta magana har bakinmu ya gaji, muka bar shi da halinsa.

Tun yana yaro yake zamiya a kan dusar ƙanƙara, da dogayen alluna biyu, ɗaya ɗaure a kowace ƙafa. Da fari ɗan tsere ne, daga baya ya koma filin tsalle, inda ake tashi sama a juya, a sauka da baya, a hau ƙarfe a sulale. Yanzu ya haura talatin, kuma a wannan wasa hakan tsufa ne. An taɓa yi wa gwiwarsa ta hagu aiki, likitar kuma ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce jijiyar da ta dasa masa ita ce ta ƙarshe, in ta sake tsinkewa, to shi da dutse sai kallo.

Duk bazara Corwin yana kan rufin gidajen mutane yana buga ƙusa, rana tana dukansa, ba abin da ke riƙe da shi sai tunanin hunturu. Hunturun ya zo, sai ga shi a makon farko allon zamiyarsa ɗaya ya tsage a kan ƙarfe. Ya yi odar sababbi. Motar da ta ɗauko su ta maƙale a bayan dutse, dusa ta toshe hanya. Aka ce ya dakata zuwa ƙarshen mako.

Kamar da gayya, washegari gari ya waye tangaran, ma'aikatan filin suka gama gina babban tudun tsalle. Corwin ya shiga gareji ya zaro tsofaffin allunansa na tsere, ya kaɗe musu ƙura.

Matarsa Maribeth tana kicin tana soya fanke, ta hango shi ta taga. Ta fito da cokali a hannu.

"Ina za ka da waɗannan?"

"Dutse."

"Filin tsalle?"

"Sau biyu kawai zan yi in dawo."

"Cor, ni fa na gaji," in ji ta, ko murya ba ta ɗaga ba. "Wancan karon ni na yi ta ɗaga ka zuwa banɗaki wata da watanni. Kayanka suna hanya. Me zai ci ka kafin Asabar?"

"Kafin Asabar yara sun tattake tudun, ya zama kamar hanyar shanu."

Ta dube shi, ta koma ciki. Shi kuwa fanken ma bai tsaya ya ci ba.

A saman filin ya tarar da Lucien, abokinsa tun suna 'yan tsere tare. Lucien ya kalli ƙafafunsa ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai dariyar ta ɗauke.

"Tsoho, ka yi ɓatan hanya ne? Masu tsere suna wancan gefen."

"Nawa na tsalle ɗaya ya tsage."

"Na ji. Cire ɗaya mu gani."

Ya ajiye nasa allon kusa da na Corwin a kan dusa. Na Lucien kusan miƙaƙƙe ne, kai da wutsiya faɗinsu ɗaya, an goge kaifin gefensa. Na Corwin kuwa kai da faɗi, wutsiya da faɗi, tsakiya a tsuke kamar kalangu, gefen da kaifi kamar aska.

"Kai ma ka san abin da zan faɗa," in ji Lucien. "Wannan kugun don yankar kwana aka yi shi. Da ka ɗan karkata, ya ciji dusa ya juya, bai tambaye ka ba. A tsere shi ake so. A nan kuwa wa yake sauka daidai kullum? Nawa in na sauko a karkace sai ya zame, ya yafe mini. Naka ba ya yafiya."

"Ƙafa ke zamiya, ba katako ba."

"Wace ƙafar? Mai ɗinkin?"

"To ara mini naka mana."

"Takalminka ba zai shiga maɗaurin allona ba sai an kai shago an sake huda. Ka bari da yamma mu je, gobe ka hau."

"Gobe," in ji Corwin, ya yi tsaki. "Kowa gobe."

Lucien ya ɗaga kafaɗa. Shi ma ya gaji, don ba yau ya fara wannan magana da shi ba.

Tsallen farko Corwin ya tafi a miƙe, ya sauka lafiya lau. Wallahi da ma a nan ya ɗan faɗi, da ya fi masa alheri. Ya hawo sama yana washe baki, ya ce wa Lucien, "Malam mai wa'azi, ka gani?"

A na biyu ya juya a sama don ya sauka da baya, abin da ya yi sau ba adadi. Juyin bai gama cika ba, ya rage ɗan kaɗan, irin kuskuren da kowa ke yi kullum ya wuce abinsa. Gefen allon hagu ya riga taɓa ƙasa. Nan take ya kama dusa ya yanki kwana, ya nufi gefe da ƙafar, jikin kuwa yana gangarawa ƙasa. Corwin ya ji ƙas a gwiwa kamar an karya busasshen itace. Tun kafin zafin ya iso ya san abin da ya faru.

Bai yi ihu ba. Yana kwance yana kallon sama har masu ceto suka zo suka ɗaure shi a kan gadon da ake ja a kan dusa. Lucien ya tsinto allunan ya bi su a baya.

A asibiti likitar ta daɗe tana duba hoton. Ta ce zai yi tafiya, in ya yi haƙuri da gashin ƙashi har tsani ma zai iya hawa. Corwin ya ce, "Dutse fa?" Ta girgiza kai kawai.

Ranar Asabar aka buɗe hanya. Yana gida kwance a kan doguwar kujera, ƙafa a ɗaure, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maribeth ta shigo da dogon kwali tana ja da ƙyar.

"Ina zan ajiye?"

Ya juya fuska wajen bango. "Ki mayar musu."

Idonta ya cika da hawaye, na tausayi da na haushi a haɗe. Sannan ta jingine kwalin a bayan ƙofa, ta je ta ɗebo masa ƙanƙarar da zai ɗora a gwiwa.

Darasin wannan labari a fili yake. Kowane kayan aiki da abin da aka ƙera shi dominsa, kuma gwaninta ba ta sauya ƙirar abu. Allon da ke kai ɗan tsere ga nasara shi ne ke kayar da ɗan tsalle. Corwin ya san haka sarai, ba jahilci ya kayar da shi ba, rashin haƙuri ne. Ya ƙi jiran 'yan kwanaki, ya rasa sauran hunturun rayuwarsa, ya kuma ɗora wa matarsa wahalar da ba ita ta jawo ba. Idan waɗanda suke ƙaunarka suka ce dakata, ka dakata, domin wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.