Kurege da Tukuicin Takalman Dawaki

Kai Tanimu, janye ƙafarka daga gabana, ni ba sa'arka ba ce. Ke kuma Barmani, haɗiye abin da ke bakinki ko ki tofar, ba a yi mini tauna ina magana. Yaran yanzu, wajen neman tatsuniya ku ne a gaba, wajen ladabi ko ƙurarku ba a gani. Wanda ya sake yi mini dariyar banza, ɗakin uwarsa zai koma.

To, ga ta nan, ga ta nanku.

Da ƙarfi! Haka ake amsawa kamar masu zazzaɓi? Yauwa. Tun da kun ce ta zo ku ji ta, ga ta ta zo.

Kurege ne dai. Wata shekara bazara ta yi tsawo, abin da ya ɓoye a rami ya ƙare ƙaf, ga matarsa Yalwa ta haihu, 'ya'ya a kwance ko ido ba su buɗe ba. Nono kuwa ba ya zuwa sai da ci. Yalwa ba ta yi masa gori ba, kallonsa kawai take yi, shi kuwa kallon nan ya fi masa duka ciwo. Sai ya karkaɗe wutsiya ya fita nema.

Yana tafiya, yana tafiya, sai ya iske Kunkuru baduku a gindin tsamiya, ya haɗa kai da gwiwa.

Ya ce, "Baba, lafiya?"

Kunkuru ya ce, "Ina fa lafiya, ɗan nan. Na gama ɗinkin takalman dawaki, masu su suna jira, ni kuwa in na ce zan kai da ƙafata sai kaka."

Ba takalmin ƙarfe na ƙarƙashin kofato nake faɗa muku ba. Na fata ne, wanda ake ɗaura wa doki a ƙwauri don kada ya ji rauni. A wancan zamanin dawaki da bakinsu suke ba da ɗinki.

Kurege ya ce, "Baba, ai ga ni. Me aka haife mu mu yi in ba aiken manya ba?"

Kunkuru ya baje kaya ya ce, "To buɗe kunnenka. Wannan siririn, mara nauyi, na Akawal ne, dokin sukuwa. In gudu ya yi gudu kofatonsa na baya yana saran ƙafar gaba, shi kaɗai ake tsare masa, ba a ɗora masa kaya. Wannan mai kaurin, da na cusa wa auduga, na Bidi ne, mai ƙwallon dawaki, don sanda da ƙwallo ba su san ƙwaurin kowa ba. Wannan dogon kuwa, da ya sha mai har ruwa ba ya kama shi, na Gunya ce, goɗiyar fatake, mai ratsa fadama da sarƙaƙƙiya. Kowa da aikinsa, kowa da takalminsa. Ka ji?"

Kurege ya ce, "Na ji, Baba, har na haddace."

Ya ɗauki kaya ya kama hanya. Yana tafe yana lissafin tukuici, don kun san duk wanda ya kawo maka abin arziki ba ya komawa hannu wofi. Can sai ya tsaya cak. Ya ce a ransa, "In na kai wa kowa nasa, zuwa ɗaya, tukuici ɗaya, an gama. In kuwa aka sami kuskure, dole a sake zuwa. Wanda ya sake zuwa kuwa, ai ya sake kawowa." Ya yi tsalle, ya yi wa kansa kirari.

Ya isa bargar Akawal ya ce, "Ranka ya daɗe, na gaban iska, ga saƙon Baba." Ya ɗaura masa mai kaurin nan na Bidi. Akawal ya ɗaga ƙafa ya ce, "Kai ɗan rami, wannan takalmi ne ko katifa?"

"Sabon yayi ne, ranka ya daɗe. Manyan dawakin gabas duk shi suke sawa."

Akawal da son a ce shi babba ne, sai ya tura masa gyaɗa daga cikin harawarsa. Kurege ya cika kumatu, ya cika jaka.

Ya isa wurin Bidi ya ɗaura masa dogon na Gunya, ya ce sabon yayi ne, aka ba shi dawa. Ya isa wurin Gunya, ita ma jego take yi, ga ɗan duƙushinta yana bin gindinta. Ya ɗaura mata siririn na Akawal. Ita ko tambaya ba ta yi ba, sai ta ce, "Sannu da hanya, ƙanena. Ya mai jego?" Ta ba shi dusa da kanwa, ta ce a dama wa Yalwa kunu. Kurege ya ɗan ji kunya, amma ya haɗiye ta tare da gyaɗa.

Ranar nan rami ya yi albarka. Yalwa ta ci ta ƙoshi, nono ya kawo, 'ya'ya suka yi barci.

Ranar sukuwa ta zo. Akawal ya fita da katifa a ƙafa, ƙwauri ya ɗau zafi, gumi ya cika auduga, har wani gurgun alfadari da ya shigo fili bisa kuskure ya riga shi kaiwa. Bidi kuwa ya je juyawa ya bi ƙwallo, dogon takalmi ya hana gwiwa lanƙwasa, ya tafi samɓal har cikin masu sayar da rake. Gunya ta dawo daga fatauci duk ƙaya ta yi mata zane.

Kafin su aika, sai ga Kurege da kansa, yana haki, yana dafe kai. "Wayyo! Tsufa ya kama Baba, shi ya rikita kayan. Ni da na gane ko karyawa ban yi ba na taho." Ya kwance na wannan, ya kwance na wancan, ya sake juya su. Akawal ya sami dogon, Bidi ya sami siririn, Gunya ta sami mai audugar. Aka yaba da hankalinsa, aka sake ba shi tukuici, har ya fi na farko. Yana tafe gida yana cewa, "Saura zuwa na uku, sannan in ba kowa nasa, in fita da sunan kirki."

Abin da Kurege bai sani ba, shi raɓa yake lasa, bai taɓa zuwa rijiya ba. Bai san dawakin garin nan duk a kwamin rijiya ɗaya suke shan ruwa ba.

Akawal ya zo rijiya yana tafiya kamar mai kara a ƙafa. Bidi ya zo yana ɗingishi, sanda ta same shi a kan siririyar fata, ƙwauri ya yi suntum. Suka dubi ƙafar juna. Bidi ya ce, "Kai, wannan ba shi na cire shekaranjiya ba?" Akawal ya ce, "Naka kuma ai irin wanda na ce a ɗinka mini ne." Suna cikin haka sai ga Gunya, da ƙyar take jan ƙafa. Ta shiga fadama, auduga ta sha ruwa ta sha yashi, rana ta busar da fata ta ƙanƙame, yashin nan ya yi ta gurzar nama har ƙuda ya fara bi. Ubangidanta ya gwada wuƙa, babu inda za ta shiga ba ta yanki jijiya ba. Ga ciwo ya hana ta kiwo, ɗan duƙushi yana tsotso babu komai.

Da Kurege ya zo zuwa na uku, a bargar Gunya ya iske su duka. Ya juya zai gudu, Akawal ya taka masa wutsiya.

"Sabon yayi, ko? Yau zan nuna maka tsohon yayi." Ya ɗaga kofato.

Kurege ya ce, "Taka ni, ranka ya daɗe, na cancanta. Amma in ka taka, wa zai cire wa Yaya Gunya wannan abu? Kai da kofato, ko Bidi da kofato? Ko Baba za ku jira, ya iso da kaka?"

Kofato ya tsaya a sama. Bidi ya ce, "Ɗan banzan nan ya yi gaskiya. Sake shi."

Da aka sake shi, ga ƙofa a buɗe, ga rami kusa, kuma babu dokin da ya isa ya bi kurege rami. Ya dubi ƙofa. Ya dubi ɗan duƙushin nan, haƙarƙarinsa duk a waje, irin yadda nasa 'ya'yan suke kafin ya sami gyaɗa. Sai ya durƙusa ya kafa haƙori a fata.

Fatar ta bushe kamar ƙaho. Ya gurgura, ya gurgura, yana yi yana cewa, "Yi haƙuri, Yaya, saura kaɗan." Ya cire ta farko. Ya cire ta biyu. Yana kan ta ƙarshe sai ji aka yi ƙaras, haƙorinsa na gaba ya ɓalle. Bai tsaya ba, ya ƙarasa da ɗayan, jini da rinin jar fata duk sun cika masa baki. Ya ɗebo ruwan ɗumi ya wanke mata ciwo, sannan ya ɗaura wa Akawal siririnsa. Na Bidi kuwa ya riga ya zama tsumma.

Akawal ya ce, "To ɗan rami, yanzu mun ba ka ranka. Wanda aka kawo wa abu mai daraja haka, me yake bayarwa?"

Kurege ya sunkuyar da kai, ya ce da sabon giɓinsa, "Tukuishi."

"Je ka kwaso duk abin da ka tara."

Ya yi ta jigila, gyaɗa, dawa, dusa, yana zubewa yana hawaye. Da ya kawo jakar ƙarshe sai Gunya ta sa hanci ta ture ta. Ta ce, "Wannan ta Yalwa ce. Ita ba ta juya takalmin kowa ba. Amma kai, ƙanena, in ka sa ko ƙwaya ɗaya a bakinka, zan ji."

Aka yanke masa shi zai riƙa yanko wa Gunya ciyawa har ta warke, shi zai yi wa Kunkuru jan zare har a ɗinka wa Bidi sabo, kuma ya kai ba tukuici. Haka ya ƙare bazarar nan. Yalwa tana tauna gyaɗa a gabansa, 'ya'ya suna ƙiba, shi yana gefe yana tsotsar saiwar ciyawa da haƙori ɗaya.

Ƙurunƙus, kan kurege mai giɓi. Ku kuma in kun tashi yin ƙarya, ku fara tambaya ko mutanen a rijiya ɗaya suke sha. Shi da bai tambaya ba, haƙori ya bayar, sauran haƙoran kuma har yau jajaye ne saboda rinin fatar nan, ba tare da ya taɓa cin goron kowa ba.