Maɗigar Raji

Akwai wani mai gyaran rediyo a Fagge, sunansa Abdulgani. A ƙarshen shekarun da kuɗin mai suka cika gari, matarsa Morufat ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi, aka sa masa suna Raji.

A lokacin asibitin da aka haife shi a Sabon Gari ya sayo sabuwar na'ura mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar jarirai. Ta maɗiga take leƙawa, wato wurin nan mai laushi a tsakar kai. Ranar sallama, nas Monica ta ja Abdulgani gefe.

"Malam, bakwaini kan samu rauni a ƙwaƙwalwa. Ka dawo da shi mu duba. In mun gani da wuri, sai a fara masa gashin ƙashi da motsa jiki. Amma ka sani, in maɗiga ta rufe, na'urar ba ta gani."

Suna isa gida, mahaifiyar Abdulgani, wadda kowa ke kira Kaka, ta kwaɓa baƙin magani ta lafta wa jaririn a maɗiga.

Abdulgani ya ce, "Iya, sun ce sai an wanke wurin kafin a duba shi."

"A wanke? Iska ta shige masa kai? Ku bakwai na raina da maganin nan. Ba mai taɓa mini kan jika!"

Abin haushin, Abdulgani ya san gaskiyar Monica ce, amma ba ya son ɓacin ran tsohuwa. Kullum Morufat ta yi magana, sai ya ce, "Bari dai ta huce, sati mai zuwa."

Monica ta tako har shagonsa sau biyu. Na biyun ma ɓuya ya yi a bayan kantar shagon, ƙato da shi!

Sati mai zuwa ya zama shekara ɗaya da rabi. Raji bai zauna ba, ƙafarsa ta hagu ta sandare, hannun kullum a dunƙule. Kaka ce da kanta ta goya shi zuwa asibiti.

Likita ya shafa kan yaron, ya ce, "Ƙashi ya haɗe, maɗiga ta rufe. Za mu fara gashi yanzu, amma mun yi asarar watanni masu muhimmanci." Monica ko kallon Abdulgani ba ta yi ba.

A bakin ƙofa Kaka ta tsaya tana share hawaye da gefen gyale.

"Ni ban sani ba, Abdulgani. Amma kai an gaya maka. Me ya hana ka yi mini gardama?"

Darasi: Girmama iyaye wajibi ne, amma yin shiru kan lafiyar yaro don gudun ɓacin rai ba biyayya ba ce. In likita ya ba jaririnka rana, ka lallashi manya, ka kai shi a ranar. Ku tura wa duk mai bakwaini a gida.