Fitilar da Ake Zurawa a Rijiya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, da ƙarfe tara da rabi na safe abin ya fara. Akwai wani mutum mai lambu, yana da 'ya'ya maza uku, Dogara da Barnabas da Ayuba. Su da iyalinsu duka rijiya ɗaya ce ke ciyar da su, zurfinta gaba goma sha biyu. A safiyar nan aka jefa guga, ya fito da laka tsantsa.

Sai mutum biyu suka zo. Na fari gwanin yasar rijiya ne. Ya ce, "Maigida, ku matsa ku ba ni wuri. Kwana biyu ku sha ruwa."

Na biyun tsoho ne. Ya ce, "Ni ba na shiga rijiyar wani. Zan zauna a baki, 'ya'yanka su riƙa sauka, ina tambayarsu abin da suka gani. Za mu kai wata biyu."

Dogara ya yi dariya ya ce, "Baba, wato mu yi aikin, mu kuma tuƙa maka tuwo?"

Maigida ya dubi albasarsa tana yaushi, ya zaɓi gwanin. A wannan bai yi kuskure ba, gama ƙishirwa ba ta jiran wata biyu.

Kowace safiya gwanin yakan kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta har ƙasa, ya leƙa, ya jawo ta, sa'an nan ya sauka. Ba wanda ya tambaye shi dalili, shi ma bai faɗa ba, gama ba don koyarwa aka kira shi ba. Ruwa ya dawo, ya tafi abinsa.

Uwargida ta ce, "Maigida, yanzu da hankali ya kwanta, a kirawo tsohon nan ya koya wa yaran."

Ya ce, "Ruwa ya zo. Me kuma ya rage?"

Bayan shekara biyu rijiyar ta sake cikewa. Aka nemi gwanin, aka ce ya yi ƙaura, ba a san inda ya nufa ba. Dogara ya ce, "Ai a gabanmu ya yi, mun ga kome." Barnabas ya ɗauko fitilar ƙwai. Dogara ya ce, "Kai da kayan kakanni! Ga tocila, ta fi ta haske." Suka zura tocila, suka hangi ƙasan rijiya sarai.

Dogara ya sauka yana waƙa. Da ya kai tsakiya waƙar ta tsaya, igiya ta yi sako-sako.

Barnabas ya ce, "Yaya! Yaya, ka amsa mana!" Shiru. Ya kama igiya ya bi shi. Shi ma shiru.

Ayuba ya ɗaga ƙafa zai shiga, uwarsa ta rungume shi tana kururuwa, ta ce, "Sai dai ka ja ni mu faɗa tare."

Aka ruga aka kirawo tsohon. Ya kunna fitilar nan da aka ƙi, ya zura ta sannu a hankali. A gaba na shida wutar ta mutu, ko iska ba ta kaɗa ba. Ya ce, "Ba don a gani ake zura ta ba. Inda wuta ba ta rayu ba, mutum ma ba zai yi numfashi ba. Tocila kuwa ko a kabari ci take yi." Suka leƙa, ga ta can ƙasa tana haske har yanzu. Dogara da Barnabas kuwa, gawarsu aka fito da ita.

Ma'anar wannan misali ita ce: rijiyar nan ita ce aikin da Allah ya danƙa a hannunmu, ko ikkilisiya, ko zumuntar mata, ko ƙungiyar manoma. Gwanin shi ne masanin da ake kira ya gyara abin da ya lalace ya tafi. Tsohon shi ne wanda ke zama da mutanenku har su san dalilin kowane abu da suke yi. Idan gida na ƙonewa, ku kira na fari, kada ku ji kunya. Amma idan matsalar irin mai dawowa ce, kuma naku ne za su shiga ramin gobe, to, ku ji tsoron ranar da kome ya yi daidai, gama ranar ce ake mantawa da na biyun. Ku dattawan kwamiti, kafin ku aika a kirawo wani, ku tambayi kanku, wa zai riƙe igiya bayan ya tafi, me kuma ya sani?

Waɗanda suka ragu a gidan nan su ne: maigida, wanda bai ƙara kusantar rijiyar ba, uwargida, Ayuba, wanda daga baya ya zauna wata biyu yana koyo a gaban tsohon, gwauraye mata biyu, Saraya da Rifkatu, matan Dogara da Barnabas, da jikoki biyar, ƙaraminsu bai fara tafiya ba tukuna.