Dattijon da Ya Raba Iri Cikin Yunwa

Akwai wani manomi, dattijo ne a ikkilisiyar ƙauyensu, mutum mai hannun kyauta, sai dai yana son a ce shi ya yi. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai nuna ba, kafin bazara ta yi nisa rumbunan mutane sun zama wayam. Ikkilisiya ta yi baiko na musamman, wato ta tara gudummawar kuɗi, ta sayi irin masara mai kyau, wanda aka cuɗa da jan magani don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Aka danƙa wa dattijon nan ya raba wa mabukata.

To, a garin akwai wata ƙungiyar mata masu taimakon marasa ƙarfi, Kirista da Musulmi a haɗe. Su sun tara garin dawa da wake, amma iri ko ƙwaya ɗaya ba su da shi. Shugabarsu, wata mai sayar da daddawa, ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ta roƙa a haɗa kayan wuri ɗaya, a zaga gida-gida tare, kowa a ba shi na shuka da na tukunya. Ta ce mai jin yunwa ba ya binne abinci a ƙasa.

Dattijo kuwa ya yi kunnen uwar shegu. A ransa cewa yake, ikkilisiya ta sha wahala, sannan a wayi gari a ce ƙungiya ce ta yi? Ya sallame ta da cewa kowa ya yi nasa, Allah ya ba da lada. Ai kun ji, girman kai rawanin tsiya. Matan suka kai ɗan abin da suke da shi unguwannin da suka sani, shi kuma ya raba iri ran Lahadi a bakin majami'a, ana ta sa masa albarka.

Ruwan shuka ya sauka. Da masara ta fara tsiro, dattijo ya fita zaga gonaki yana murna. Sai ya iso gonar wata gwauruwa mai 'ya'ya uku, wadda ya auna wa iri da hannunsa. Babu tsiro ko ɗaya, ciyawa ce kawai. Ransa ya ɓaci. Ya sa a ransa kasuwa ta kai irin, ya nufi gidanta yana shirya faɗan da zai yi mata.

Da ya yi sallama ya shiga, abin da ya gani ya tsayar da shi cik. Matar tana durƙushe gaban ƙwarya tana wanke irin nan, ruwan ya yi jawur kamar an yanka kaza a ciki. A gefe ga ɗan autanta kwance a tabarma, ya riƙe ciki yana ta amai, idanunsa duk sun faɗa. Manyan biyu suna zaune suna kallon ƙwaryar.

Dattijo ya matso kusa. Ya tambaye ta ko ba ta san akwai guba a jikin irin ba.

Ta ce, “Na sani, Baba. Ina wankewa har ruwan ya yi fari kafin in niƙa. Amma yaran nan ba za su jira kaka ba.”

Wayyo! Mutumin nan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kyautar da aka yi ta yabonsa a kanta, ga ta tana neman kashe yaro a gabansa. Nan take ya saɓi yaron a kafaɗa ya ruga asibiti. Daga can bai zame ko'ina ba sai gidan mai daddawa, da furfurarsa ya roƙi gafara. Ita kuwa ba ta goranta masa ba. Ta ɗauki ragowar gari da wake ta bi shi.

Yaron yana da sauran kwana, ya tashi. Amma da suka zaga tare, sai suka tarar ba gidan nan kaɗai aka cinye irin ba, ga shi lokacin shuka masara ya riga ya wuce. Gonaki da yawa ciyawa ce ta ci su a shekarar.

Ma'anar wannan misali kuwa ita ce: manomin nan mu ne, ikkilisiya. Irin shi ne alherin da Ubangiji ya sa a hannunmu, kuma abu ne mai kyau. Matan nan su ne maƙwabtanmu masu aikin jinƙai, waɗanda suke riƙe da abin da mu ba mu da shi. Ubangiji bai ba mutum ɗaya duka ba, domin mu nemi juna. In muka ƙi haɗa hannu don kada a raba mana yabo, ba mu ne za mu kwanta ciwo ba, yaron wani ne. Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku miƙa wa mutum abin da zai amfane shi gobe, ku tambaye shi ko ya ci yau. In kuwa ba ku da abin ba shi, ku je ku yi sallama a ƙofar wanda yake da shi, ko da ba ɗan majami'arku ba ne.