Sunan Wa Za a Rubuta a Bayan Motar Malam Haladu?

To, ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku. Kai mai tauna rake, ajiye shi tukuna, da kai za a yanke ta.

Shekara ashirin da biyu Malam Haladu yana jan motar wani tsakanin Gwarzo da Kano. Sai bara Allah ya nufa ya sayi tasa, wata tsohuwar fara mai cin mutum bakwai, in an matsa tara. Ranar da ya shigo da ita unguwa ko abincin rana bai ci ba don murna, sai zagaya ta yake yana goge ta da hannun riga. Da ita gidansa zai ci, kuma a shekarunsa in ta tafi ba zai sake yin wata ba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne ɓarayin mota da suka addabi yankin. Ya je Kano ya tambayi ƙararrawar da masu hali ke sa wa motocinsu. Da aka faɗa masa kuɗinta, ya juya ya fito ko sallama bai yi ba.

'Ya'yansa uku suka ce ya kwantar da hankalinsa. Babban, Nafi'u, mai walda ne. Ya samo guntun rodi ya ƙera wani ƙarfe mai kama sitiyari da birki, a datse da kwaɗo. Bashari, mai gyaran wutar mota, ya ɓoye wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujerar direba. In ba a danna shi ba, mota za ta tashi lafiya lau, ta ɗan yi tafiya, sai mai ya yanke. Autarsu Rumasa'u, mai gyaran waya a bakin kasuwa, ta ɗauko wata tsohuwar waya da ba mai so, ta haɗa ta da batirin motar da ƙaramar lasifika, ta cusa a cikin kujerar baya. In an kira lambar, carar zakara take yi.

Malam Haladu ya yi dariya har da riƙe ciki. Kun san direbobi da rubutu a bayan mota, to tasa ba a rubuta komai ba tukuna. Ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Kun ga filin nan? Wanda tarkacensa ya tsare mini motar nan, sunansa zan rubuta, Kano da Gwarzo kowa ya karanta."

Tarkacen kuwa sun sha mita. Ƙarfen Nafi'u nauyi, kullum sai Malam Haladu ya yi tsaki kafin ya ɗaura. Maɓallin Bashari sau biyu shi da kansa yana mantawa da shi, mota ta mutu a tsakiyar titi, fasinjoji su fito turi.

Wata Juma'a da kaka, ya ajiye motar a bayan masallaci ya shiga sahu. Ashe wasu mutum biyu na fakonsa. Suka buɗe ƙofa cikin ƙiftawar ido, sai suka ci karo da ƙarfe. Wata mai gyaɗa ta gan su suna ta gurza da zarto, gumi na zuba, ta ɗauka makanikai ne. Huɗuba ta ƙare suna gurza, aka yi raka'a biyu suna gurza. Sai da liman ya sallame ƙarfen ya tsinke. Mutanen farko da suka fito suka hango farar mota ta karya kwana ta bi hanyar Ƙaraye.

Da Malam Haladu ya zo ya tarar da wurin wayam, sai ya zauna daɓas a ƙasa da darduma a hannu. Wallahi dattijon nan hawaye ya yi, bai ji kunyar kowa ba.

Su kuwa ɓarayin, suna wuce gidajen ƙarshe na gari mota ta yi tari ta mutu. Suka yi iya dabararsu ta ƙi tashi. Suka tura ta cikin wata gona, suka lulluɓe ta da karan dawa, suka tafi nemo motar da za ta ja ta.

Aka bazama a kan babura, Malam Haladu a bayan Bashari, Rumasa'u a bayan Nafi'u tana ta kiran lambar. Sau biyu suna wuce gonar nan, don da kaka ina ne babu tarin kara? A na uku ta ce a kashe injina kowa ya yi shiru. Can sai ga zakara yana cara daga cikin kara, da la'asar sakaliya, cara ɗaya bayan ɗaya ko numfashi ba ya yi.

Malam Haladu ya dire daga babur, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, ya shiga watsar da kara da hannu biyu. Da farin fenti ya bayyana, ya rungume motar yana dariya yana hamdala. Ɓarayin sun dawo da igiya, suka hango taro, suka juya da gudu.

Washegari aka yi dambu aka raba wa maƙwabta, aka kira mai fenti. Ya auna bayan motar ya ce in ana so a karanta daga nesa, suna ɗaya ne zai shiga. Malam Haladu ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

Ba don ƙarfen Nafi'u ba, da tun ana huɗuba sun tafi, ba wanda zai san wace hanya suka bi a cikin hanyoyi huɗun da suka fita daga garin.

Ba don maɓallin Bashari ba, da kafin a tada babur ɗaya sun yi nisan da ba a kamo su.

Ba don wayar Rumasa'u ba, da an wuce tarin karan nan an koma gida, ɓarayi su dawo su ja abinsu.

An ce masa ya rubuta duka ukun da ƙananan baƙaƙe, ya ce a'a, suna ɗaya ya yi alkawari, kuma bai taɓa yi wa 'ya'yansa magana biyu ba. Ga mai fenti can tsaye, ya tsoma buroshi, fenti na ɗiga a ƙasa.

To, ku faɗa mini, sunan wa zai rubuta?